Littafin Gwadabe Masinja

Shekara talatin da uku Gwadabe ya yi yana aikin masinja a ofishin hakimin Ƙaraye, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa wuni a gida ba sai ranar salla, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. Babu hanyar da kekensa bai taka ba tun daga Kwanyawa har Zoza. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi takardar yabo da sabuwar riga, ya koma gida ya jingine keken a zaure, ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Kafin azahar ya miƙe tsaye ya fi sau biyar, bai san abin da ya tayar da shi ba.

Haka aka shiga damina. Ya kwance dangar bayan gida wadda babu abin da ya same ta, ya sake ɗaure ta. Ya sauya wa awaki turke sau uku. Wata rana matarsa Saude ta dawo daga barka ta tarar ya jera mata tukwane daga babba zuwa ƙarama, ya kuma matsar da murhu don a cewarsa hayaƙi na shiga ɗaki. Da farko yakan ɗan leƙa ƙofar ofis da hantsi. Sai a gaishe shi da mutunci, a matsa masa a kan benci, sabon masinja ya fito da takardu ya hau babur ya wuce. Da ya ga babu mai cewa "Gwadabe, zo ka kai wannan," sai ya daina zuwa.

Ana nan sai 'yarsa Asma'u, wadda ke koyarwa a firamare a Rogo, ta zo ganin gida. Kwana biyu ta yi tana kallon yadda uban ke shiga yana fita. Ranar da za ta koma ta durƙusa gabansa ta ajiye wani littafi mai baƙin bango da biro.

"Baba, wannan naka ne. Kowane shafi da kwanan watansa a sama. Kullum sai ka rubuta abin da ka gani ko abin da ke ranka."

"In rubuta wa wa?"

"Kanka. Ni ma ina da irinsa tun muna kwaleji. In abu ya cushe min, da na rubuta shi sai in ji sauƙi."

Gwadabe ya juya littafin. Ya iya boko, amma da girmansa ya koya, a ajin yaƙi da jahilci, shekara goma da suka wuce. Baƙaƙensa manya ne, kuma in zai yi su sai ya danne biro har ya fito ta bayan takarda. Ya sa mata albarka, ya karɓa.

Ranar farko ya rubuta: "Litinin. An yi ruwa da safe. Na ci ɗumame." Kashegari: "Talata. Ba a yi ruwa ba." Ya yi mako biyu a haka, sannan abin ya tsaya cak. Sai ya buɗe shafi ya zura masa ido, ya ciji bakin biro, ya tashi ya zaga gida, ya dawo ya tarar da shafin yadda ya bar shi. Littafin ya zama masa wani sabon abin damuwa. Ya tura shi ƙarƙashin matashi, ya mayar da shi cikin adaka, ya sake fito da shi. Mutumin da ya kai dubban takardun mutane, ga shi an ba shi tasa ya rasa abin da zai ce a ciki.

Da kaka ta kama, Saude ta gaji.

"Malam, don girman Allah ka je Rogo ka gano jikokinka. Ko kwana biyu ne ka yi, in samu in san inda na ajiye ludayina."

"Korata kike yi?"

"Ni na isa? Amma jiya har turmi ka ɗauke ka kai bayan ɗaki."

Bai yi musu ba, don shi ma ya riga ya yanke shawarar mayar wa Asma'u littafinta. Gara yara su yi aikin makaranta a ciki da ya zauna fari fat a hannunsa. Ya sa shi a tsohuwar jakarsa ta fata tare da goro, ya fito da keke.

"Ka hau mota mana," in ji Saude. "An ce tunda aka datse kogin Calawa ruwa ya cinye tsohuwar hanya."

"Hanyar da na bi shekara talatin za a ba ni labarinta?"

Ya fita da sanyin safiya. Da ƙafarsa ta fara juya feda sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, mata na tsintar gyaɗa, wasu tsofaffi suna ɗaga masa hannu suna kiran "Masinja!" Ya bar titi ya kama 'yar siririyar hanyar da ya saba bi, wadda ke zagayawa ta bayan wani ƙauye da ake kira Gangaren Maƙera. Ya gangara wani kwari, ya ja birki da ƙarfi.

Hanyar ta shige ruwa. Ga sawun keke da na shanu sun tafi har bakin gaɓa, daga nan sai ruwa shimfiɗe iyakar ganinsa. Can tsakiya ga kan wata kuka da ya sha hutawa a gindinta, balbelu sun yi mata fari. Ya daɗe a tsaye riƙe da keken. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce wadda ta ratsa ta tsakiyar ƙauyen, shi kuwa rabonsa da cikin Gangaren Maƙera shekara ashirin da uku ke nan.

A da can ƙauyen kamar gidansu ne. Akwai wani maƙeri mai suna Ɗantala, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, a maƙerarsa yake yada zango. Ɗantala ya ɗaure masa abin da ya kwance a keke, matarsa Baraka ta aiko da fura ko tuwo. Babban ɗansu Sulle ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Wata rana aka ba Gwadabe takarda ya kai wa mai unguwar ƙauyen. Ya tarar mai unguwa ya tafi gona, sai ya zauna jiransa a maƙera kamar kullum. Baraka ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka, har da man shanu. Ya ci ya ƙoshi, suna ta raha da Ɗantala, har yana cewa in Sulle ya dawo da igiya a kafaɗa sai ya sara masa. Da mai unguwa ya dawo aka kira malamin makaranta ya karanta takardar a nan bakin maƙera. Sanarwar rasuwar Sulle ce. Gwadabe ko hannu bai wanke ba. Bai san yadda aka yi ya hau keke ba, kuma tun daga ranar, in yana da saƙon ƙauyen, sai ya tsaya a bayan gari ya ba wani ya shiga da shi.

Ya juya keken kamar zai koma Ƙaraye, ya yi taku goma, ya tsaya. Ya sake juyowa. A ƙarshe ya sunkuyar da kai ya tura keken ya shiga.

Garin tashi yake yi. An ba su sabon wuri a kan tudu, don ruwa na matsowa kullum. Maza na kan soraye suna zare azara, an ciccire ƙyamare an jingine, an buɗe rumbuna ana ɗura hatsi a buhu. Wata akori-kura na tsaye a ƙofar masallaci an cika ta da gadaje da turame. Kowa na ta kansa, babu wanda ya kula shi. Har ya kusa fita ɗaya gefen sai ya ji murya daga gindin wani durumi.

"Masinja! Wucewa za ka yi?"

Baraka ce, ta tsufa, zaune a kan buzu tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta rame, ta ƙanƙance, amma muryar ba ta sauya ba. Bayanta ga kangon maƙera, babu rufi. Gwadabe ya jingine keke ya cire takalmi ya durƙusa.

"Inna, barka da hantsi. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya iyali? Ya mai ɗakin naka?"

"Suna nan ƙalau. Ya ƙoƙari da wannan tashi?"

"To, da godiya. Mai maƙerar dai ya riga mu tashi, bana shekara huɗu."

"Na ji, Inna. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta."

"Ka ji, amma ba ka zo ba."

Gwadabe ya buɗe jaka da sauri don ya ciro mata goro, sai littafin ya zamo ya faɗi a gabanta. Hannun Baraka ya tsaya a cikin faifai. Ta dubi littafin, ta dube shi.

"Wata takardar ka kawo mana?"

"A'a, Inna, wallahi a'a. Wannan nawa ne, 'yata ce ta ba ni in riƙa rubutu. Babu ma komai a ciki."

"Au, ka iya karatun yanzu?"

"Na ɗan iya."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Sannan ta ce, "Da ka iya a wancan lokacin, da ka ci tuwon nan?"

Gwadabe ya dubi kangon maƙerar. "Da na san abin da ke cikin jakata, Inna, da ko ruwan garin nan ban iya sha ba. Abin nan bai taɓa barina ba. Kunyarku ce ta hana ni shigowa."

"Kai dai ka cika wauta," in ji ta, ba da faɗa ba. "Kai ka kashe shi? Aiko ka aka yi. Mai maƙera har ya koma ga Allah yana cewa, ko me muka yi wa Gwadabe? Mun rasa ɗa, kuma muka rasa mai zuwa ya ba mu dariya."

Ya share fuska da hannun riga. Ita kuwa ta ɗaga murya ta kira ƙaramin ɗanta, wani magidanci mai furfura a gemu da ke kan katanga yana miƙo azara.

"Ɗanmaliki! Sauko min da kwallar nan mai ja, tana cikin kayan da aka ɗaure."

Ya kawo, ya gaida baƙo, ya koma aikinsa. Baraka ta buɗe kwallar, ta ɗaga zannuwa, ta ciro wani ƙullin tsumma. A ciki ga takardar, ta yi ja, ta kusa rabuwa a inda aka ninke ta.

"Sau ɗaya aka taɓa karanta min ita, ranar kuwa ban ji komai ba bayan sunansa. Yaran gidan nan duk sun yi boko, amma ban iya ba su ba. Kai ka kawo ta, kai za ka karanta min."

Ya karɓa ya buɗe. Bugun tafireta ne, da Hausa. Ya bi baƙaƙen da yatsa yana haɗawa a hankali: ana sanar da mai unguwa cewa soja mai lamba kaza, Sulle Ɗantala, ya rasu a bakin daga ranar kaza ga watan kaza, a sanar da iyayensa, Allah Ya ba su haƙuri. Ya ɗago kai.

"Ci gaba," in ji Baraka.

"Iyakarta ke nan, Inna."

"Iyakarta?" Ta karɓa ta juya bayanta, ta ɗaga ta sama kamar wani abu zai zubo. "Shekara ashirin da uku ina ɓoyon layi huɗu? Ni na ɗauka duk labarinsa na ciki." Ta nuna wani ɗaki da aka riga aka yaye wa rufi. "Ba ni da kabarinsa. Ɗakinsa ke nan, shi nake kallo. Nan da wata guda kifi ne zai kwana a ciki. Jikokina ko kamanninsa ba su sani ba." Ta sa ƙafa ta turo masa littafinsa. "Ka ce babu komai a ciki. To buɗe."

Ya buɗe shafin ranar, ya cire murfin biro.

"Rubuta: bahago ne. Ubansa ya yi dukan duniya ya riƙe guduma da dama, ya ƙi, har ya ƙyale shi. Kuma lauje in Sulle ya ƙera, sai an zo daga Rogo ana nema."

"Sannu-sannu, Inna, hannuna ba ya sauri."

"Ka rubuta yana son ƙanzo. In na kankare tukunya yana tsaye a kaina, har ya yi gemu bai daina ba. Ka sa yana tsoron kwaɗo. Mutumin da zai je yaƙi, amma in kwaɗo ya shigo ɗaki sai ya kira ni."

Ta yi dariya har ta tuntsure da tari. Gwadabe na ta dannawa. Shafin ranar ya cika, ya tsallaka na gobe, ya shiga na jibi. Ta faɗi shekarar da aka haife shi, shekarar da aka haƙa rijiyar masallaci. Ta faɗi yadda ya tafi ranar kasuwar Rogo bai yi mata sallama ba, sanye da takalmin ubansa. Ta faɗi zuwansa ɗaya cikin kaki, da yadda ya ƙi zama a kujera ya zauna a ƙasa kusa da murhu. Aka kira azahar ya je ya yi salla a masallacin da babu ƙofa, ya dawo suka ɗora. Da aka kawo mata ɗan wake ta tura masa kwanon.

"Ci. Yau ka san abin da ke cikin jakarka."

Ya ci.

Sai bayan la'asar ya kama hanya, yatsunsa sun ƙage, ya isa Rogo ana kiran magariba. Asma'u ta yi ta faɗan me ya sa bai hau mota ba, jikoki suka rufe shi. Da ta tambaye shi labarin littafi sai ya ce yana nan, bai ƙara komai ba.

Da asuba bayan ya dawo masallaci ya kasa komawa ɗaki. Ya zaga tsakar gida, ya leƙa waje, ya dawo. Da gari ya yi haske ya zauna a dakalin ƙofar gida ya karanta abin da ya rubuta jiya. Duk maganar Baraka ce. Sai ya ji akwai abin da ita ba ta sani ba, shi ya sani. Ya buɗe sabon shafi ya rubuta yadda Sulle, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya saci kekensa daga bakin maƙera don ya koya, ya je ya afka cikin dangar liman. Daga nan hannunsa ya ƙi tsayawa. Ya rubuta: "Ranar da na kai takardar, na ci tuwo da man shanu ina dariya, takardar tana jikina." Ya rubuta abin da ya ji a hanyar komawa, da yadda ya tsaya a gindin kuka ya yi amai. Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko Saude.

Asma'u ta fito da shirin makaranta ta same shi a haka. Ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Baba, ai ka shiga watan gobe! Kowace rana fa da shafinta."

Ya rufe littafin da tafin hannu. "Ke kika ce na kaina ne."

"Haka ne."

"To wuce makarantarki. Tsaya tukuna. Kwaɗo, da wane irin baƙi ake rubuta shi, mai lanƙwasa ko marar lanƙwasa?"

Bayan ya koma Ƙaraye zaman bai zo masa da sauƙi ba, sai dai abin ya sauya kama. Yana cikin cin abinci sai ya miƙe ya nufi ɗaki, don ya tuna wata takardar da ya kai Zoza shekarar fari, ko wani dagaci da ya taɓa ba shi kyautar zabo mai rai ya rataya a keke. Ya dami Saude da tambaya: wace shekara aka yi kaza, wa ya riga wani mutuwa. In ta ce ba ta sani ba sai ya hau keke ya tafi neman wanda ya sani.

Bayan an gama girbi ya nemi sabon matsugunin mutanen Gangaren Maƙera. Gidaje ne a jere a kan tudu, babu bishiya ko ɗaya, jar ƙasa sai iska. Ya sami Baraka a inuwar katanga. Ta sa aka tara jikokinta da matan gidan, Ɗanmaliki ma ya ajiye kwaɓar ƙasa ya zo ya tsuguna. Gwadabe ya karanta musu tun daga bahago har zuwa kaki. Da aka zo wurin kwaɗo yara suka fashe da dariya, Ɗanmaliki kuwa ya juya fuska gefe. Sai Gwadabe ya ƙara da labarin keke da dangar liman. Sauran abin da ya rubuta a Rogo ya bar wa kansa.

"Tsaya," in ji Baraka. "Wa ya ce maka sata ya yi?"

"Inna, ai kekena ne. Ina cikin maƙera na fito ban gan shi ba."

"Kai ka ba shi da hannunka. Ina tsaye a ƙofar gida da tulu. Har ka riƙe masa sirdi."

"Wannan daga baya ne, bayan ya faɗa dangar."

"Ɗana bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Goge."

"Biro ne, Inna, ba ya gogewa."

"To ka san yadda za ka yi."

Gwadabe ya dubi shafin, ya dubi tsohuwar, ya ga ba wasa take yi ba. Shi kuma ya tabbata abin da ya tuna haka yake. Ya ɗora littafin a gwiwa, ya sami ɗan fili a ƙasan shafin, ya rubuta yana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji: "Mahaifiyarsa ta ce ba sata ya yi ba, ni na ba shi."

"Ka sa ina tsaye da tulu," in ji ta.

Ya sa.